Illo Katanga da Mutumin Malbaza

A Birnin Ƙonni ba a yarda abu ya faru haka kawai. In jaki ya tsaya tsakiyar titi, sai an bincika wa ya aiko shi. Garin bakin iyaka ne, kowa ya taɓa ganin buhun da aka ce gero ne an kwance shi an ga wani abu daban, don haka mutane suka saba laluben ƙasan kowane buhu, har da na maganar da aka faɗa musu tsakani da Allah. A wannan gari Illo ya yi ƙwallo, a nan kuma sunansa ya ɓaci.

Ɗan Bazaga ne. Ubansa mai amalanken jaki ne, yana kai wake da harawa kasuwar Ƙonni, ya rasu tun Illo bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Uwarsa Tabawa ta riƙe shi da sana'ar ƙuli-ƙuli, shi kuma ya gaji jakin da amalanken da ɗora buhu. Ɗora buhun nan shi ya yi masa kafaɗu. Da ya fara buga balo a filin bayan lakwal, ba takalmi, sai aka lura cewa duk wanda ya yi karo da shi shi ne ke tashi yana karkaɗe wando.

Wanda ya kawo shi gari Koci Ishaku ne, malamin wasanni da gwamnati ta turo lise, wato babbar sakandare, daga Dosso, wanda kuma ke horar da ƙungiyar Walƙiya ta Ƙonni da yamma. Ya gan shi a wani wasan Sallah, ya ce masa ya zo gwaji. Illo ba ya da gudu, bai iya yanka ba, in ya buga ƙwallo gaba Allah kaɗai ya san inda za ta sauka. Abu ɗaya ya iya: tsayawa daidai inda ɗan wasan gaba yake so ya bi. Kafin shekarar 2001 ta ƙare an ba shi riga lamba biyar, ’yan kallo sun sa masa suna Katanga, kuma ’yan gaban Tawa da Madawa sun koyi neman hanya ta wani gefe.

Shugaban Walƙiya Alhaji Mati ne, mai shagon kayan babur a bakin tasha. Shi ya sayi rigunan ƙungiyar, saboda haka shi ke da ra'ayi a kan duk wanda ke cikinsu. Yana son Illo irin son da mai gida ke yi wa kwaɗon ƙofarsa. Yakan ce wa baƙi, “Wanga yaro, ko iska sai ta nemi izini.”

To, sai ga ƙofa ta bayyana a jikin katangar.

A ranin 2003 Walƙiya ta je Malbaza wasa da ƙungiyar Guguwa. Ɗan gaban Guguwa wani tela ne mai suna Muttaƙa, ya ba talatin baya, ya ajiye ɗan tumbi, kuma ana sa shi a wasa ne don babu wanda ke da ƙarfin halin ce masa ya zauna. Shekara biyu rabonsa da cin ƙwallo. Ana cikin wasa aka turo masa balo, ya taho da ita yana haki, Illo na gabansa. Kowa ya jira ƙarar karo. Maimakon haka Illo ya sunkuyar da kai, ya ja gefe, kamar wanda ya ga an ɗauko gawa. Muttaƙa ya wuce, ya dubi mai tsaron gida, ya dubi ƙwallon don ya tabbata har yanzu tana nan, ya zura.

Ranar an yi masa uzuri. An ce rana ce, an ce santsi ne, duk da cewa rabon Malbaza da ruwa tun kaka.

Da Guguwa ta zo Ƙonni ramuwa, abin ya sake faruwa, a gaban mutanen gari. Wannan karon an ga ƙari. Lokacin da ’yan wasa suka jeru suna musabaha, da Illo ya zo kan Muttaƙa bai miƙa hannu ba. Ya rage tsawo har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, idonsa a kan yashi. Masu kyakkyawan zato suka ce igiyar takalmi yake ɗaurewa. Masu kyakkyawan zato a Ƙonni ba su cika benci ɗaya ba. A wasan kofi da ya biyo baya Muttaƙa ya sake ci, ta ƙofar nan dai. Tela ya zama gwani, amma a kan ƙungiya ɗaya tak, a kan mutum ɗaya tak.

Kowace fada a gari, wato inda samari ke zama kewaye da butar shayi, ta buɗe bincikenta. Fadar bakin tasha ta ce asiri ne, akwai laya a cikin safar Muttaƙa wadda ke kashe wa mutum gwiwa. Fadar bayan asibiti ta ce ba laya ba ce, an binne wani abu a filin Malbaza, da aka tuna musu cewa biyu daga cikin ƙwallayen a Ƙonni aka ci sai suka ce to ai abin yana da tafiya. Amma mafi rinjayen ra'ayi, kuma mafi daɗin faɗa, shi ne Illo ya sayar da wasa. Aka fara lissafa masa abin duniya. An gan shi da sabuwar hula. An gan shi ya ci tsire ranar Talata, ranar da ba kowa ke cin tsire ba.

Don a cire shakku, Alhaji Mati ya sa aka wanke takalman Illo da rubutu. Takalman suka bushe, shakkun bai bushe ba. Sai ya kira shi shago, ya zaunar da shi tsakanin tayoyi da sarƙoƙin babur, Koci Ishaku na tsaye bakin ƙofa.

“Illo,” in ji Alhaji, “ni ubanka ne ko ba ubanka ba?”

“Ubana ne, Alhaji.”

“To mi ke tsakaninka da Muttaƙa?”

Illo ya dubi ƙasa. “Ba komi, Alhaji.”

“Ba komi? Ɗan gaban Tawa ka ɗaga shi sama sai da uwarshi ta ji a jikinta. Tela mai tumbi ya taho, ka buɗe mishi hanya kamar sarki. Ka san shi ko ba ka san shi ba?”

“Mutumin Malbaza… ana gaisawa.”

“Wane mutumin Malbaza? Malbaza mutum guda gare ta?”

Illo ya sa yatsa yana zane a ƙasa.

Da ya fita, Koci Ishaku ya matso ya rage murya. “Shugaba, ka lura? Ko sunan mutumin ya kasa faɗa.”

“Na lura,” in ji Alhaji. “Wanda ya ci amana, harshenshi ke fara tona shi.”

Abin da ya rage shi ne shaida, kuma Alhaji bai yarda da idon kowa ba sai nasa. An gaya masa Illo na shiga motar Malbaza duk ranar da ba horo. Sai ya naɗa rawani har bisa hanci, ya bar motarsa a gida, ya shiga taksin da ke bin na Illo a baya. Direban ya gaishe shi da sunansa, haka ma duk fasinjojin, amma ya daure bai amsa ba.

A Malbaza ya bi Illo daga nesa har unguwar da ke bayan kasuwa. Ya ga Illo ya cire takalmansa tun da sauran tafiya kafin gidan. Ya gan shi ya durƙusa a ƙofar zaure, bai shiga ba. Ya ga Muttaƙa ya fito da awon tela rataye a wuya, ya tsaya yana kallon wani gefe, suka gaisa ba wanda ya dubi wani. Sannan Illo ya tura wani ƙunshi gabansa, ganyen goro na leƙowa ta gefe.

A hanyar dawowa abu ɗaya ya dami Alhaji. A saninsa, wanda ya sayar shi ake kai wa kaya, ba shi ke kaiwa ba. Ya yi ta juya maganar har Tsarnawa, inda Allah ya buɗa masa.

“Tukuici ne,” ya gaya wa Koci. “An yi mishi babbar kyauta, ya mai da tukuici. Yaron akwai tarbiyya, ko a cin amana.”

Aka dakatar da Illo daga wasa. Bai yi musu ba, ya naɗe rigarsa ya ajiye a kan teburin Alhaji, abin da gari ya ɗauka a matsayin amsa laifi.

Labari ya kai Bazaga. Ranar kasuwa Tabawa ta zo Ƙonni da tiren ƙuli-ƙulinta, ta wuce wurin zamanta, ta dire shi a bakin shagon Alhaji Mati, a gaban yaran shago da masu jiran gyara.

“Alhaji Mati, an ce kai ne ka yi rawani ka bi ɗana Malbaza.”

“Inna Tabawa, maganar ƙungiya ce, ba ta mata ba.”

“Awo, ta maza ce, shi ya sa kunka kasa gane ta. Ka ga yaro ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa bakin zaure, ya kai goro, ya ƙi faɗin sunan mai gida. Duk ƙasar Hausa mi ake kiran wanga?”

Tabawa ba ta jira amsarsa ba.

“Ƙanwar mutumin yake nema. Tsahara, wadda ke aiki gidan likita na Malbaza, ita ta ɗinke mishi gira ranar da anka fasa mishi ita wurin balon naku. Ubansu ya rasu, yayan ne uba, shi ne zai ba da ita. Manya ba su gama magana ba, kana so yaro ya tsaya cikin tayoyi ya yi maka shela? Ko kana so ya sa ƙafa ya kwashe surukinshi gaban jama'a?”

“Ai sai ya faɗi…”

“Ya faɗi? Kai lokacin da kake neman Hajiya a Tsarnawa, wa ya hango yayanta tahe ya faɗa gonar dawa, ya wuni ciki, anka yi ta neman ɓarawo? Ni ina nan, ba labari anka ba ni ba.”

Masu jiran gyara suka sami abin kallo a rufin shago. Tabawa ta ɗauki tirenta, ta sayar wa yaran shago ƙuli-ƙuli tun da dai ta zo, ta tafi.

Wani zai ɗauka a nan magana ta ƙare. Kowane namiji a Ƙonni ya taɓa canza hanya don kada ya yi ido biyu da yayan matarsa, kowannensu ya san ba a kama sunan suruki, balle ƙafarsa. An mayar wa Illo rigarsa. Amma zargi ya riga ya ci abinci ya ƙoshi, ba ya mutuwa don an ba shi amsa. Kwana kaɗan fadar bakin tasha ta fito da sabon bayani, wanda ya haɗa tsohon zance da sabo ba tare da an zubar da ko ɗaya ba: lalle Illo ya sayar da wasa, da mata aka biya shi.

“Mun ce an ba shi wani abu,” in ji masu shayi. “Ba mu ce ko mene ne ba.”

A Malbaza ma ba a zauna ba. Can suka ce neman auren dabara ce ta mutanen Ƙonni, sun turo ɗan leƙen asiri har cikin zauren gwaninsu. Abokan Muttaƙa kuwa suka samo abin da ya fi wannan ciwo. In ya zauna kan keken ɗinkinsa sai wani ya leƙo ya ce, “Gwani, ashe ƙwallayen nan naka kayan gaisuwa ne? Saura nawa a cika lefe?” Muttaƙa yakan yi dariya ya ci gaba da taka keke, amma an lura ɗinkin na karkacewa. Ƙwallaye uku ne kawai ya tara a ƙarshen rayuwarsa ta wasa, ya riga ya ba da labarinsu a wurin suna da wurin biki, da yadda ya karya kwana, da yadda Katanga ya ruɗe. Yanzu an ce masa kyauta ce.

A shekarar 2004 ƙungiyoyin biyu suka kai wasan ƙarshe na jiha, wanda za a yi a Illela ta wajen Tawa don kada kowa ya ce filin wani ne. Sai kuma labari ya zo cewa wata babbar ƙungiya ta Yamai za ta turo mutum ya duba Illo. Ga ɗan amalanke daga Bazaga, wannan ita ce ƙofar da ba ta buɗewa sau biyu: albashi, filin ciyawa, wataƙila har rigar ƙasa. Amma ba mai ɗaukar ɗan baya da garinsu ke cewa yana sayar da wasa. Illo na bukatar wasa ɗaya da zai wanke sunansa a gaban Ƙonni, kuma wasan da Allah ya ba shi shi ne wanda surukinsa ke ciki.

Ya je gidan likita ya sami Tsahara tana wanke almakashi a bayan ɗakin allura, ya tsaya daga bakin taga ya faɗa mata damuwarsa.

“Ni dai ba ni auren wanda ake nunawa da baki a tasha,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Kada ka bari Yaya ya wuce ka.”

“To.”

“Kuma in ka taɓa mani Yaya, kada ka sake zuwa tagar nan.”

Illo ya yi godiya ya tafi. Shawara ce mai kyau, ba ta bar komai a baya ba.

Alhaji Mati ya so a ajiye Illo a benci. Koci Ishaku ya tuna masa cewa wanda zai maye gurbinsa ɗan ƙanwar Alhaji ne, wanda ke rufe ido in ƙwallo ta taso sama. Alhaji ya yarda, da sharaɗi: in tela ya sake wucewa, Illo ya tuɓe rigar a fili, ba sai an dawo gida ba. Koci kuwa ya yi tunani irin na masu ilimi, ya mayar da Illo gefen hagu, ya sa wani ya riƙe Muttaƙa a dama. Ta haka suruki ba zai haɗu da suruki ba.

Kocin Guguwa ma yana da kai. Ya ce wa Muttaƙa ya manta da ƙwallo, duk inda Illo ya je ya bi shi.

Mutanen Illela, waɗanda ba ruwansu da rigimar, sun ga abin da ba su taɓa gani ba: ɗan gaba na tsaron ɗan baya. Illo ya koma hagu, Muttaƙa ya biyo shi. Ya dawo tsakiya, ga tela a bayansa yana haki. Ya matsa har bakin layi kusa da mai sayar da ruwan ƙanƙara, ya waiga, ga shi nan. Duk inda suka tsaya Illo na kallon ƙasa, hannuwansa a baya. ’Yan kallo suka bar kallon ƙwallo. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Katanga, ka ba shi tabarma mana!” Fili ya ɗauki dariya. Mutumin Yamai na zaune a inuwa kusa da manyan gari, da baƙin tabarau, fuskarsa ba ta ce komai ba. Aka tafi hutu ba wanda ya ci.

Dariyar ba Illo kaɗai ta ci ba. Bayan an dawo, wasa ya yi nisa, rana ta karkata, aka tsaya jiran wani da ya faɗi. Nan Muttaƙa ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka fara maganar auren. Ya juyo ya fuskanci Illo sosai.

“Kai, yaro. Ɗago kanka.”

Illo ya ɗago kaɗan, iya haɓar mutumin.

“Ka mai da ni abin dariya a garina. Ɗiyan da na ɗinka wa rigar suna su ke tsokanata. In ka sake kauce mani, ka nemi mata wani gida. Ka ji ko ba ka ji ba?”

“Na ji.”

“Ka tare ni kamar yadda kake tare maza.”

“To,” in ji Illo.

Illo bai taɓa saɓa wa babba ba. Ba a jima ba aka turo wa Muttaƙa balo a bakin da'irar mai tsaron gida, ya taho da ita, ƙirji a gaba. Illo ya tare shi kamar yadda yake tare maza. Mai ruwan ƙanƙara ya ce shi daga inda yake ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ƙwallo ta yi gabas, tela ya yi sama, ya sauko a cikin da'ira.

Arbit, alƙalin wasa, ya busa, ya nuna fenalti, ya zaro jan kati. Sai da ya nemi wanda zai nuna wa, don Illo ya riga ya durƙusa a gefen surukinsa, ya cire takalmansa, yana cewa, “Sannu. Sannu. Allah shi sawwaƙe.” Muttaƙa na riƙe da idon sawunsa yana salati, amma waɗanda suka ɗauke shi sun rantse cewa tsakanin salatin ya ce, “Madalla.”

Wani yaron Guguwa ya buga fenaltin ya ci. Haka aka tashi, ɗaya da nema.

Tun a motar dawowa Ƙonni ta yanke hukunci, kuma a wannan karon ba a sami saɓani tsakanin fadoji ba. Da can yana ba su ƙwallo ta hanyar kaucewa, da aka gane shi sai ya canza dabara. In ba haka ba, me ya sa bai kwashe mutumin a tsakiyar fili ba, sai a cikin da'ira, sai da lokaci ya kusa cika? Wasu suka kawo maganar karayar. Aka ce ai wannan shi ya nuna girman cinikin: mutanen da suka ba da mata, ƙafa ɗaya ce za ta gagare su?

Mutumin Yamai ya ga abin da ya zo gani, an ce har ya yaba ƙarfin taron. Amma mutum ne mai bincike, ya tsaya a tashar Ƙonni ya yi tambaya kafin ya wuce. Duk wanda ya tambaya sai ya ja shi gefe, ya ce shi ba ya son ɓata yaro, amma tun da an tambaye shi. Bai sake waiwayo ba. Alhaji Mati ya karɓi rigar lamba biyar a bakin mota.

An kai Muttaƙa wurin wani maɗori a Dogarawa. Illo ya yi ta zuwa gaisuwa, yana durƙusawa daga waje, yana tambayar jiki ta bakin wanda ya fito. Tsahara ta rufe tagarta wata guda, kamar yadda ta yi alkawari. Wanda ya sa ta buɗe yayanta ne. Karayar ta yi masa abin da ƙwallaye uku ba su yi ba. Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya ji yadda babban ɗan bayan jiha ya rasa yadda zai yi da shi sai da ya karya shi. Bayan kaka aka ɗaura aure, Muttaƙa ya ba da ƙanwarsa yana dogara sanda, fuskarsa kamar an yi masa naɗi. Mutanen Ƙonni sun cika mota biyu sun halarta. Sun ce sun je ne su gani da idonsu.

Wani direban motar albasa ne ya kai labarin Illo tsallaken iyaka, ya kuma manta da rabin labarin a hanya. Wata ƙungiya a Sakkwato ta kira shi gwaji. Tambayar da ya fara yi wa kocin ita ce ko akwai ɗan Malbaza a gasar. Da aka ce babu, ya ɗaura takalmi. Ya yi shekara biyu a can, ya wuce wata ƙungiya a kudu inda ba wanda ke jin Hausa sai masu tsire, ya sake yin biyu. Can ya ci abinci da ƙwallo, ana biyansa in an tuna, yana aikowa gida. ’Yan gaban ƙasar ba su taɓa samun ƙofa a jikinsa ba, don ba ya neman ƙanwar kowa. Da labarin ya iso Ƙonni cewa har an sa hotonsa a jarida, fadar bakin tasha ta ce to, ai dama an san ya iya, shi ya sa abin da ya yi ya zama da gangan.

A 2009 gwiwa ta ajiye shi. Ya dawo, bai zauna Ƙonni ba, bai zauna Malbaza ba. Ya kafa rumfar faci a Tsarnawa, bakin babban titi, tsakanin garuruwan biyu, inda Tsahara ke samun mota zuwa aiki. Ƙonni ta lura da wannan ma. Mai gaskiya, in ji su, garinsu yake komawa.

Yana nan, ya yi ƙiba, yana cire taya daga ƙarfe da hannu in abin cirewa ya yi nisa. Bai taɓa kare kansa ba. In matafiyi ya gane shi ya tambaye shi labarin wasan Illela, sai ya ce, “Mutumin Malbaza ya iya balo,” ya ci gaba da neman inda iska ke fita. Wani lokaci Muttaƙa kan sauka a Tsarnawa ya duba ƙanwarsa da ’ya’yanta, yana ɗan ɗingishi, yana jin daɗin a tambaye shi dalili. Da Illo ya hango shi tafe sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zare silifa, ya sauka daga gefen titi ya ba shi hanya. In an yi sa'a akwai taksin Ƙonni a tsaye ana yi masa faci, sai wani daga ciki ya taɓa na kusa da shi.

“Ka gani? Har yanzu.”

Rigar lamba biyar kuwa ba a sake ba kowa ita ba. Tana rataye a shagon Alhaji Mati, sama da sarƙoƙin babur, ya sa ta cikin leda don kada ta lalace. Wani baƙo ya taɓa ce masa ya kyauta da ya girmama tsohon ɗan wasansa haka. Alhaji ya dube shi da mamaki.

“Girmamawa?” ya ce. “Shaida ce. Ba a gama bincike ba.”